Yatsan da Ke Tsoron Ruwan Randa

Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, amma a fannin ciwon yatsa ko farfesa sai ya tashi ya ba ni kujera. Tun ina yawo ba wando na fara ɗaukar darasinsa.

A gidanmu na unguwar Dubeli a Jimeta, in an ci tuwo an sauke tukunya, mukan kewaye murhu, kakarmu Dada tana gasa mana gyaɗa a toka. Tana da yatsa guda, manunin dama, da ba ta yarda ruwan randa ya taɓa shi. Babu kumburi, babu miki. Matan gida suna cewa dabarar gudun wanke-wanke ce. Ba ta musu, sai dai ta rama da tatsuniya.

"Maigidana, rufe bakin nan kafin sauro ya kama haya a ciki," takan ce da ni. "To ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

Wai wata agwagwa ce ta daina shiga kogin Binuwai, ta ce ƙafarta na ciwo in ta taɓa ruwa. Dabbobi suka duba, suka juya, ba su ga komai ba. Kada ya ce lalaci ne. Ungulu, wanzamin gari, ya wasa aska ya ce a yanke ƙafar kowa ya huta. Sai tururuwa ta ce a bari ta taka tukuna. Ta bi ƙafar a hankali tana tambaya, "Nan ne? Nan ne?" Dada tana bin hannuna da tsinke, ina ƙyalƙyala dariya, har aka kai inda agwagwa ta kwarma ihu. Ashe ƙwayar yashi ce ta shige ƙarƙashin farce.

Nawa ciwon ya taso a shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta. Mutum ya baro gidansa a ƙone, kai kuma ka ce masa yatsa na damunka? Ga ni tela, riƙe allura ya fara gagarata, alwalar asuba kamar an soka min ƙusa. 'Yan majalisarmu suka yanke hukunci: ciwon daji ne, guntule yatsan za a yi. Tela ba manuni kuwa, sai dai ya koma ba da shawara.

Bara 'yata ta tusa ni a keke mai ƙafa uku sai asibiti a Yola. Likitar yarinya ce, 'yar Numan.

"Baba, zan taɓa da kan fil, ka gaya min inda ya fi zafi."

Ta bi farcen kaɗan-kaɗan. Da ta kai wurin, na yi salatin da har masu gadi suka amsa. Ta matse min dantse da abin awon jini, ta sake taɓawa, shiru. Ta kwance, zafin ya dawo. Ta ɗiga ruwan sanyi, na kusa tsine wa kujera. Sannan aka ɗauki hoto.

"Ɗan tsiro ne na jijiyoyin jini, bai kai ƙwayar dawa ba. Ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ba daji ba ne. Shi za mu cire, yatsanka na nan."

"'Yata, kin tabbata? Majalisa ta riga ta yi masa jana'iza."

"Ka ce musu mamacin ya fasa, Baba."

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne tururuwa ta fi ungulu wayo. Yanzu na gane ƙara Dada take kawo mana kullum, mu kuma muna tauna muna dariya. Ko irin nawa ne nata, Allah ne masani, don ba wanda ya taɓa tambayarta ina ne. Allah ya jiƙanta.

Ni dai an cire min tsiron, na koma ɗinkina da yatsu goma cif. Asarata guda ce: matata Hajiya ta daina ɗumama min ruwan alwala, wai ai na warke.