Baitulmalin da ke Garejin Baba

Jiya na bi ta ƙofar gidan marigayi Baba a Fort Washington, nan ƙasar waje inda muke zaune, na ga an kafa allon sayarwa, sai na tuna da shi.

Dattijo ne ɗan Damagaram, kowa Baba ke ce masa. A garejinsa 'yan uwa mazauna nan ke tara shinkafa da mai da rigunan sanyi, yana kiran wurin baitulmali. Shekarar da maigidana ya yi hatsari da tasi aka kwantar da shi asibiti a Largo, abinci ya ƙare mana. Na je da hantsi, na tsaya bakin garejin ina jin ƙanshin daddawa da busasshen kifi, na kasa ɗaga kai.

"Baba, ban taɓa roƙo ba," na ce.

"Yau ma ba roƙo kika zo ba, ɗiyata," in ji shi. "A Madina baitulmali ba na khalifa ba ne, riƙo kawai yake yi. Maraya da matafiyi, har jariri, kowa da rabonsa. Ɗauki naki."

Shi ya kai min buhun mota, yana haki.

Tun rasuwarsa ba wanda ya karɓi aikin, kowa na tsoron amanar. Ga sanyi ya matso, ga wata baƙuwa mai goyo ta kira ni, mijinta ya rasa aiki, ban san inda zan tura ta ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ɗayanmu ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan nauyi, ko da ni ce.