Dutse na Uku a Bakin Rafi

Momme Ketelsen bai taɓa kwana bakwai a jere a wajen tsibirin ba. A kan tudun da kakansa ya gina aka haife shi, nan ya auri Keike, nan yake kiwon tumaki saba'in a filin da teku ke shanyewa sau da yawa a shekara. Ruwa ya rufe fili, gidaje su tsaya bisa tuddansu, ruwa ya janye. Ba mai ɗaga kai.

Gadon da ya fi ji da shi wasu duwatsu ne uku da ubansa ya jera a bakin rafi. In ruwa ya taɓa na ukun, saura awa guda a koro tumaki kan tudu. Shekara arba'in dutsen bai ba shi kunya ba.

Da masu bincike suka zo daga jami'a neman mai karanta musu sandar awon ruwa, ya karɓa don a ƙyale shi ya huta. Shekara huɗu yana rubuta tsayin ruwa da lokacinsa. Da kakar bana Inken, wadda ke haɗa alƙaluman, ta tara makiyaya a ɗakin girkinsa ta nuna musu awar nan ta koma minti arba'in, in iska ta juyo daga arewa ma ba ta kaiwa. Ta ce ba ita ta faɗa ba, rubutun hannunsa ne.

"'Yar nan, dutsen ya girmi ubanki," in ji shi, ya ƙara mata shayi.

Ranar Talata da rana iska ta juya. Keike ta gaya masa sau biyu ya koro tumaki, ya ce dutse bai jiƙe ba, ya ci gaba da gyaran ƙyaure. Sai da dutsen ya jiƙe ya fita da karensa.

Tafiya ba ta yi wuya ba. A dawowa ne ya tarar kwarin da ke tsakanin fili da tudu ya cika, ruwa na gudu ta inda bai taɓa gani ba. Tumaki suka toge. Ya damƙi gashin uwar garken ya ja ta ciki. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, sanyi ya ɗauke masa ƙafafu. Bayansa yana jin kukan waɗanda igiyar ruwa ta raba da garke, bai waiwaya ba. Daga sama Keike na kallonsa, ta toshe baki da hannu.

Tumaki sittin da ɗaya suka hau tudu. Momme ya zauna a ciyawa, yatsunsa sun kasa kwance takalmi. Ya ce wa Keike ta yi maza ta kira maƙwabcinsu Bandix, kada ya jira dutsen.

"Tsoho, Bandix ya hau da nasa tun kana kan ƙyaure," ta ce, ta durƙusa tana cire masa takalmin.