Tasar da Inna ta ba yayata

A gidanmu na Garhanga abu guda ne ke ƙyalli, tasar jan ƙarfe da kakarmu ta bar wa Inna. Da aka yi auren yayata, ita aka ba. Da nawa ya zo, ƙore na samu, sababbi, masu zane. Na tambayi Inna dalili, ta ce, "Ita ce babba." Na karɓi ƙorena. Amma duk ranar da na shiga ɗakin yayata, idona kan tasar yake fara sauka kafin in gaishe ta.

Agana, ciwon ƙuraje mai kisa, ta shigo mana da rani, a shekarun da Nasara ke ɗibar samari soja. In ta kama mutum, bukka ake yi masa bayan gari, tsohuwar da ta taɓa yin ciwon ta zauna jinya. Daga gida ake kai abinci a ajiye kan wani dutse, a komo da mazubin jiya. Tsofaffi na cewa ƙwarya da akushi suna shan ciwo kamar yadda suke shan mai. Jan ƙarfe kuwa, in an dirje shi da toka da tsamiya an shanya a rana, ba ya riƙe komai.

Ɗan yayata na fari ya kwanta, nawa ma ya kwanta, bukkokinsu na kallon juna. A gida ina da ƙaramar ɗiya, ban daɗe da yaye ta ba, ita nake ji wa tsoro. Duk ƙwaryar da ta dawo daga bukka sai in sa ta wuta. Haka kayan aurena suka ƙare a murhu, saura guda. Ita na riƙa wankewa da toka, in kife ta bisa rumbu inda hannun yarinya bai kai.

Wata hantsi muka haɗu wurin dutsen, tasarta na walƙiya a hannunta.

Na ce, "Yaya, ara mini, mu riƙa karɓa-karɓa."

"Ke, ni da mi zan kai mishi hura? Ƙannenai ukku na gida."

"Tasa guda ba ta isar gida biyu?"

"So kike in kwaso ciwon gidanki in gama da nawa? Yi haƙuri. Randa ya tashi, da ƙahwata zan kawo miki."

Gaskiya ta faɗa, da ni ke da tasar haka zan ce. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

Yaran biyu suka tashi da zanen agana a fuska. Ƙannen ɗan yayata ko zazzaɓi ba su yi ba. Ɗiyata kuwa jikinta ya ɗau zafi, ƙuraje suka feso, ba ta kai damina ba.

Yayata ta cika alkawari. Ranar zaman makoki ta shigo da tasar cike da fura, ta ajiye gabana, ta tashi ba ta ɗauka ba.

Ban sani ba ko tasar ce ta tsare gidanta. Rai na Allah ne, na yarda. Tasar tana nan ɗakina, ban taɓa sa baki a cikinta ba. Autar yayata, sa'ar ɗiyata ce, yanzu har da jikoki. In ta zo gaishe ni ta durƙusa, nakan daɗe ina duban fuskarta, sumul, kafin in amsa.