Takardar da aka ba ni a hanyar Keita

Shekara biyu da barina aikin koyarwa, ranar wata Laraba da hantsi na fito daga Madawa zan je Keita ganin ɗiyata da ta haihu. Maiɗakina ta riga ni tafiya tun ranar haihuwar, don haka ni kaɗai ne a cikin tsohuwar motata, sai rabin buhun gero da ƙullin kayan jinjiri a baya.

Na wuce Buza, ina hawan wani tudu mai duwatsu inda hanya ke lanƙwasa, sai ga kamiyo, babbar motar kaya, shaƙe da albasa yana gangarowa a guje, ya ci tsakiyar hanya har ya shigo hannuna. Ban yi wani tunani ba, na karkata dama. A daman nan kuwa akwai wani dattijo da amalanken jakinsa, ya ɗauko itace. Na taka birki, amma ƙasa ta kwashe ni. Har yau ina jin ƙarar da aka yi.

Dattijon ya faɗa cikin rairayi, kafaɗarsa ta gurɗe. Jakin ya karye baya, bai kai la'asar ba. Mai kamiyo ko waiwaye bai yi ba.

Sai bayan azahar jandarmomi suka iso. Kafin nan garken shanu biyu sun ratsa wurin, motocin kasuwa sun bi, sawun kamiyon ya shafe sarai. Abin da ya rage sawun tayoyina ne, ga su nan raɗau sun bar hanya sun nufi amalanke. Shef ɗinsu, wani dogo mai sanyin magana, ya auna, ya zana, ya karɓi permi ɗina na tuƙi, sannan ya miƙo mini takardar tara. Da Faransanci aka rubuta cewa na kasa riƙe motata. Shekara talatin ina koyar da harshen nan, amma sai da na karanta layin sau uku.

Na ce, "Shef, kamiyon fa?"

Ya ce, "Mushe," wato Malam a bakin 'yan boko, "wane kamiyo zan auna? In ba ku yarda ba, ku zo birgadi, ofishinmu, ku faɗi naku. Permi yana wurinmu har a gama."

Zancen jaki ba mu ja shi ba. Bayan suna na je ƙauyen dattijon, can wajen Deule, muka zauna gaban maigari aka sasanta, na kuma kai shi likita aka duba kafaɗar. Shi ne ma ya riƙa ba ni haƙuri.

"Mushe, ni na gani da idona," in ji shi. "Da ba ka kauce ba, da yanzu wata magana aka yi. Duk randa ka buƙace ni, ka aiko, in taho in faɗi."

Maiɗakina ta ce in biya tarar in huta. Ɗiyata ma haka ta ce ta waya. Na ƙi. Tarar ba ta fi ƙarfina ba, layin nan ne ya tsaya mini a rai. Tun ina saurayi nake tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba, a ce a ƙarshen rayuwata an rubuta na kasa riƙe mota, ni kuma in sa hannu a ƙasa?

Zuwana birgadi na farko, an ce komandansu ya fita rangadi. Na biyu, yana nan, amma ya shiga taro tun safe, na zauna a benci ƙarƙashin dogonyaro har aka tashi aiki. Duk zuwan nan a motar haya nake yin sa, tunda ba ni da permi, a matse tsakanin buhuna da awaki, in dawo gida ƙugu na ciwo. Na uku aka karɓi takardar kokena, wadda na kwana biyu ina gyara wa jimloli kamar zan kai ta gaban sufeton makarantu. Wanda ya karɓa bai karanta ba, ya sa ta ƙarƙashin wasu, ya ce in kawo shaida.

Na aika wa dattijon, ya zo ranar kasuwa. Shef ne ya yi masa tambayoyi, da Hausa, cikin ladabi.

"Baba, kun riƙe lambar kamiyon?"

"Ɗana, ni ban yi boko ba."

"To, wace kala gare shi?"

Dattijon ya ce, "Albasa dai na gani. Da ƙura. Amma wallahi shi ne ya ci hanya, wanga bawan Allah gudunsa ya yi."

Shef ya rubuta. Ya ce sai an buga maganar a na'ura, mu dawo Litinin ta sama dattijo ya dangwala yatsa. Litinin ta zo, babu wuta tun daren jiya, ba a buga ba. Aka ce wata Litinin ɗin. A bakin ƙofa na rasa yadda zan dubi dattijon, shi kuwa ya ce ba komi, ai zama ne.

Ranar Lahadi ruwan shuka ya sauka, na farko a shekarar, mai yawa. Duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da washegarin ruwan nan yake. Litinin ɗin, tun daga Madawa har na isa birgadi, gonaki cike suke da mutane, maza na sara, mata da yara na bin su da iri. Na ce a raina ba zai zo ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Na tarar da shi zaune a bencin, taɓo har ƙwauri. Motocin haya ba su shiga ƙauyensu ba saboda ƙorama ta kawo, sai ya tako a ƙasa tun bayan sallar asuba har bakin babbar hanya.

"Baba, shukar fa?"

"Tana can tana jirana. Na ce maka ina tahowa."

"Wa kuka bar wa gonar?"

"Tsohuwa ce kaɗai. Ɗiyan duk sun tahi bida, cin rani, ba su dawo ba tukuna."

Muka zauna. Rana ta fito da ƙarfi, ina kallon ƙasar farfajiyar tana bushewa a gabanmu. Na lura shi ma ita yake kallo. Wajen sha biyu Shef ya kira mu, dattijon ya dangwala yatsa. Na tambaya ko shi ke nan.

Shef ya ajiye biro, ya ce, "Mushe, bari in gaya muku gaskiya. Ni ma na yarda akwai kamiyon nan. Amma ba lamba, ba direba, ba sawu. Ni ba ni da ikon soke takardar. Sai dai in tura ta jastis, gaban alƙali, can kuma sai sun kira ku, su kira Baba, wataƙila sau biyu, wataƙila fiye. Kafin kaka dai ban ce za a gama ba."

Dattijon ya ce, "In sunka kira, mu tahi."

Da gaske yake, na kuwa san zai zo, ranar noman fari ce ko ta maimai. Na ji duk ƙarfin da na taho da shi ya zube. Na ce wa Shef a nuna mini inda ake biya.

Na biya, na sa hannu ƙarƙashin layin nan, aka ba ni permi ɗina. Shef ya rako mu har ƙofa yana ba ni haƙuri, na ce ba komi. Dattijon ne bai ji daɗi ba.

"Haba Mushe, bayan duk wahalar ga?"

Na ce, "Baba, ku je ku yi shuka."

Na tsayar masa da ɗan kabu-kabu mai babur, na roƙe shi ya kai shi har bakin ƙorama. Ya hau da ƙyar saboda kafaɗar, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya suka tafi. Ni kuma na koma tasha na jira motar Madawa ta cika, ba ta cika ba sai bayan la'asar.

Da na shiga gida maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, yaya aka ƙare?"

Na ce, "Na biya."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kawo mini ruwa da fura, na sha ruwan, na miƙe a tabarma ban ko cire takalmi ba.