Matacin Hayaƙi a Briqueterie

Mun tashi da asuba daga Ngaoundéré, ni da abokin karatuna wanda muka gama sashen kimiyyar sinadarai tare. Wanda ya kira mu kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, tela a unguwar Briqueterie ta Yaoundé. Yana da injin wuta mai shan gazuwal, wato man dizal, injin da a can ake kira gurup. Hayaƙinsa na baƙanta naman mahautan layin, har mai gidan da kawu ke haya ya ce ko hayaƙin ya tsaya ko injin ya fita. Idan kuwa ya fita, duk ranar da aka ɗauke wuta kekunan ɗinkin kawu sun tsaya.

A kan cinyata na riƙe abin da muka haɗa: mataci na gasasshen yumɓu mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda muka shafe cikinsa da oksid na seriyam da manganis, wato dangin tsatsa. Aikinsu shi ne su sa kunkunniyar hayaƙi ta ƙone a zafin da bai kai wanda ta saba buƙata ba. Sharaɗin ɗaya ne, injin ya daɗe yana aiki har salansa ta yi zafi sosai.

Hanyar Meiganga zuwa Bertoua tana da kyau. Tun daga Garoua-Boulaï ciyawa ta fara ba wa kurmi wuri, ayaba ta yi araha, nama ya yi tsada. Wani jandarma ya juya matacin, ya tambaya ko na girki ne. Abokina ya fara yi masa bayani da Faransanci, bai kai rabi ba aka ce mu wuce.

Briqueterie unguwa ce mai cunkoso da hawa da gangara. A rumfa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Faransanci. Tsirensu, da suke kira soya, da gasasshiyar ayaba ake cinsa, kuma ba ya buƙatar yabona.

Washegari muka ɗaura matacin a salansar injin. Hayaƙi ya yi fari, mahauta suka zo suna leƙe. Da aka kira azahar, kawu ya kashe injin.

Na ce, "Kawu, bai gama zafi ba."

Ya ce, "Injiniya, bangon nan na masallaci ne. Tun kafin a haife ka ba mai barin inji yana ruri a kan liman."

Haka aka yi da la'asar, haka da magariba. Tsakanin salloli kuma kekuna uku kawai injin ke ja, aikin da ba ya sa shi gumi. Kunkunniya ta yi ta taruwa a cikin ramukan ba ta ƙonewa.

Ranar Alhamis wuta ta ɗauke tun safe, telolin layin suka jona wayoyinsu da dutsen gugarsu a injin kawu saboda ɗinkin Juma'a. Salansa ta yi zafin da muke nema, sai dai kunkunniyar da ta taru ta kama da wuta gaba ɗaya. Yumɓun ya tsage, baƙin gari ya feso kan igiyar da aka rataye fararen riguna. Mai gidan yana zaune a rumfar mahauta lokacin. Bai ɗaga murya ba, ya dai nuna injin, ya nuna ƙofa.

Kawu ya raka mu tasha da ƙunshin soya. Abin da ya ce kawai shi ne in gaida mahaifiyata.

Mun iso Ngaoundéré lafiya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a ɗakin gwaji injin ba ya tsayawa don salla, a Briqueterie kuwa yana tsayawa, kuma wannan ma awo ne da ya kamata a yi kafin a haɗa sinadari.

An rasa mataci ɗaya, da fararen riguna huɗu, da wurin ajiye injin.