Motar da na ara don kai mahaifiyata filin jirgi

Shekarun baya ni da abokina muna da ƙananan motoci iri ɗaya, kuma dukkansu ba sa son hawan tudu. Kullum musunmu a kan yadda za a ƙara musu ƙarfi ne. Shi ya ce turbo kawai, wato na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya. Ni kuwa, da yake ni matsoraci ne tun asali, na ce a bar inji ya shaƙi iskarsa yadda aka ƙera shi, a dai canza matatar iska da fulogi da salansa, a daidaita shan mai. Ya je ya sa turbonsa a kan injin da motar ta zo da shi, bai taɓa komai a ciki ba. Gaskiya motar ta koma wata aba. In ya taka totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera.

A shekarar mahaifiyata za ta tafi aikin Hajji. Wata safiya aka kira ni cewa maniyyatan rukuninsu su hallara a filin jirgi kafin la'asar, ita kuma tana Gwada wajen sallama da dangi. Motata tana gareji, an kwance salansa. Abokina ya miƙo mini makulli, ya ce da tasa ma zan fi saurin isa.

Zuwa lafiya lau. A dawowa ne, ga rana, ga jakunkuna, ga ni ina taka mota, na lura allurar zafin inji ta wuce tsakiya. Na kashe AC. Na rage gudu, ta ɗan sauko, na dubi agogo na sake takawa, ta sake hawa. Haka muka yi ta yi, ido ɗaya a titi, ɗaya a allura. Wannan tafiya mahaifiyata ta shekara da shekaru tana jiranta, kuma ban san abin da zan gaya wa 'yan'uwana ba in jirgi ya tashi ba ita.

Ta ajiye carbi ta tambaye ni ko ƙaurin da take ji daga motarmu ne. Na ce ciyawa ake ƙonawa a gona.

"Da damina?" ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.

Mun ratsa Minna da ƙyar. Muna shiga Maikunkele, garin da filin jirgin yake, farin hayaƙi ya turnuƙe daga bonet, motar ta yi shiru. Na tsayar da mai Keke mai ƙafa uku, muka loda kaya. Na so in bi ta, ta hana.

"Motar aro ce, ba a barinta a titi. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka. Allah ya yi maka albarka."

Sallamarmu ke nan, a bakin kwalta, ina riƙe da jarkar ruwa. Ban samu natsuwa ba sai da ƙanwata da ke jiranta a filin jirgi ta kira ta ce mahaifiyarmu ta shiga. Ina zaune a kan bonet ina jiran bakanike, wajen magariba, jirgi ya wuce ta samana. Na ɗaga masa hannu kamar tana ganina.

Gaskit ɗin inji ne ya ƙone. Abokina bai yi fushi ba, kuma har yau bai yarda laifin turbo ba ne. Ya ce da ya sa babban lagireto da fistin masu ƙarfi da ba haka ba, kuma mai yiwuwa yana da gaskiya. Ni dai na gane inji yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ranar da ka fi buƙatarsa yake nuna maka iyakar.

Mahaifiyata ta dawo lafiya. Da ta tashi komawa Gwada ta leƙa tsakar gida ta ce, in dai waccan mota mai gudun ce, gara a kai ta tasha ta hau ta haya.