Hannun da nake yi wa Iliya magana da shi

Don Allah ku tsaya ku ji ni yanzu, kada ku wuce. Ni ce Saratu ta Gure. Tun damina ba ku ganina a majami'a, ban kuwa ce wa kowa komai ba. Ban iya rubutu ba, ɗiyata Rifkatu ce ke sa maganata a waya.

Ina tuƙa tuwo muciya ta faɗi daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi. Baki ya karkace.

A likitar Gure, asibitinmu, aka ce tansiyo ne ya hau, wato hawan jini, a wuce da ni Damagaram. Can aka yi ta ƙarin ruwa da ɗibar jini, aka yi hoton kai. Awakina duk suka tafi a magani. Lokotoro ya ce, "Inna, bakinki zai dawo. Hannun sai haƙuri."

Kowa ya yi murna, ni kaɗai na yi kuka.

Ɗiya uku Ubangiji ya ba ni. Bulus yana aikin gwamnati a Yamai, Rifkatu malamar lakwal ce, makarantar boko. Babbansu Iliya kurma ne tun haihuwa, ga furfura ta fara fito masa. Su tun suna ƙanana boko ya ɗauke su, shi yana kwari yana ban ruwan dabino. Da hannu muke magana ni da shi, maganar da muka ƙirƙira mu biyu. Ko addu'a da ita na koya masa.

Ranar da aka sa ni a mota ba wanda ya iya gaya masa inda za ni. Maƙwabciyata Hajiya Falmata ta ce kullum sai ya je tasha ya zauna yana leƙa motoci, abincin da take kai masa ko taɓawa ba ya yi. Ina kwance ina ji, ba abin da zan iya.

Da na dawo ya durƙusa, ya taɓa ƙirjina ya nuna ƙasa. Tambaya yake ko na dawo ke nan. Amsar kuwa, da hannu biyu ake yin ta. Na ɗaga na hagu, na dama yana kan cinya kamar icce. Ya ɗauki hannun ya girgiza, ya saki, hannun ya faɗi.

Rifkatu ta ce, "Inna, me yake cewa?"

Ƙanwarsa ce fa, ciki ɗaya.

Yanzu da sauƙi, na gode wa Yesu. Ina tafiya da sanda, yatsu uku suna motsi. Iliya ke murza mini su da man shanu. Na gode wa Fasto da matan zumunta, na gode wa Hajiya. Amma lokotoro ya ce abin yana iya dawowa, shi ne tsorona.

Ku riƙa auna tansiyo ko ba ku jin ciwo. Mai ɗa irin nawa kuma, kada ki bari ke kaɗai ce kika san maganarsa. Ki zaunar da masu boko su koya.

Rifkatu ta fara, tana yi Iliya yana mata dariya. Bulus, na san za ka ga wannan, ka zo tun yatsun nan suna motsi.

Ran da Ubangiji ya kira ni, kada a buga waya Yamai, kada a je wurin Fasto tukuna. Iliya za a fara gaya wa. Kuma ɗaya daga cikinku, Bulus ko Rifkatu, nake so ya gaya masa, da hannunsa.